Baƙar fata ya fito a Washington, me ya hana farar fata fitowa a Porgy?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: a wasan waƙa da rawa na Hamilton an ɗauki baƙaƙen fata sun fito a matsayin George Washington da Thomas Jefferson, Turawa biyu daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, aka yi ta tafi. Amma da zarar farar fata ya fito a matsayin baƙi ko ɗan Asiya, sai a yi masa ca. Mai tambayar ya ce shi a ganinsa son zuciya ne: ko dai a bar kowa ya fito a kowa, ko kuwa kowa ya tsaya a launinsa.

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ke wannan tambaya ba. Masu shirya wasan dandamali a New York da Landan sun haura shekara hamsin suna kai-komo a kanta. Amsata ita ce abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, kuma tarihi ne ya raba su. Sai dai ni ba na tare da masu cewa a rufe ido kawai, kada a dubi launin kowa. 'Yan kallo ba makafi ba ne. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma jikin ɗan wasa yana fara magana tun kafin ya buɗe baki.

Wasan waƙa da rawa na Amurka ya taso ne a kan wata muguwar al'ada. Tun wajen 1830 fararen 'yan wasa ke ƙona abin toshe kwalba su shafe fuska da baƙinsa, su zana leɓe ƙato, su hau dandamali suna kwaikwayon bayi a matsayin malalata, wawaye, masu dariya ba dalili. Thomas Rice ya yi suna da wani hali da ya kira Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariya na kudancin Amurka. Wannan wasa ya fi kowanne kasuwa a ƙasar tsawon shekaru masu yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya kai har baƙar fata ma in yana son aiki sai ya ƙara shafa baƙi a fuskarsa. Bert Williams, wanda ya shiga wasannin Ziegfeld a 1910 kuma yana cikin gwanayen zamaninsa, haka ya riƙa fitowa. Don haka in Ba'amurke baƙar fata ya ga farar fata ya yi kwalliya ya zama shi, abin da yake gani ke nan. Babu wani zamani da baƙaƙe suka mallaki gidajen wasa suka hana Turawa hawa dandamali, suna shafa alli suna yi musu ba'a don neman kuɗi. Ma'aunin bai taɓa daidaita ba, shi ya sa hukuncin ma bai zo ɗaya ba.

Porgy and Bess da ka ji ana ambata, George Gershwin ya fito da shi a 1935, labarin talakawa baƙaƙe a birnin Charleston. Kafin nan Al Jolson, wanda ya shahara da shafa baƙi, ya so ya fito a labarin da irin kwalliyarsa, abin bai yiwu ba. Gershwin ya tsaya a kan baƙaƙen mawaƙa, kuma magadan gidan har yau suna sa wannan sharaɗi ga mai neman izinin ɗora wasan. Amfanin sharaɗin ya bayyana tun da wuri. A 1936 da wasan ya je Washington, Todd Duncan da Anne Brown, manyan jarumansa, suka ce ba za su rera ko baiti ɗaya ba muddin gidan wasan National yana hana baƙaƙe shiga kallo. Dole aka buɗe ƙofa a wannan mako. Da fararen fata ne a cikin kwalliya, wa zai yi wannan tsayuwa? A 2018 gidan opera na ƙasar Hangari ya ɗora wasan da fararen mawaƙa, a shekarar da ta biyo baya kuma aka sa wasu daga cikinsu suka rattaba hannu a takarda cewa suna jin kansu Amurkawa baƙar fata ne. Wannan abu ya ɓata mini rai, domin an mai da wahalar wasu mutane dabarar kauce wa yarjejeniya.

Rikicin da ya fi koya wa masana'antar darasi shi ne na Miss Saigon. An buɗe shi a Landan a 1989. A cikinsa akwai wani da ake kira Injiniya, mai gidan rawa a Saigon, ruwa biyu, uwa 'yar Biyetnam uba Bafaranshe. Jonathan Pryce, Bature ɗan Wales, shi aka ba rol ɗin, kuma da farko har roba aka manna masa a fatar ido aka shafa masa abin rina fata. Da za a kai wasan Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, a 1990, marubuci David Henry Hwang da ɗan wasa BD Wong suka kai kuka ƙungiyar 'yan wasa ta Equity, ƙungiyar ta ce ba ta amince da Pryce ba. Furodusa Cameron Mackintosh ya ce to ya fasa kawo wasan gaba ɗaya, alhali an riga an sayar da tikiti na kimanin dala miliyan 25. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ta janye, domin fasa wasan na nufin gomman 'yan Asiya da za su samu ƙananan rol su ma sun rasa. Aka buɗe a 1991, Pryce ya ci lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin Broadway. Hujjar masu wasan ita ce ba su samu ɗan Asiya da zai iya ɗaukar rol ɗin ba. Amma su ɗin nan ne suka zaga ƙasashe neman yarinyar da za ta fito a Kim, jarumar wasan, har suka gano Lea Salonga a Manila tana 'yar shekara 17. Inda suka nema da gaske sun samu. Bayan Pryce ya tafi, 'yan asalin Asiya ne suka ci gaba da riƙe rol ɗin a Broadway, kuma da aka farfaɗo da wasan a Landan a 2014, Jon Jon Briones ɗan Filifin, wanda yake cikin 'yan amshi a wasan farko, shi ya zama Injiniya. Mutumin yana tsaye a bayan Pryce tun 1989. Ga amsar rabin tambayarka: babban rol na ɗan Asiya ɗaya ne tak a shekaru, in aka ba Bature an kwashe duka. Rol na Turawa kuwa ɗaruruwa ne, in aka ba baƙar fata ɗaya ba a rage musu komai ba.

Ɗaya rabin ya fi wuya, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokan aikina. Tun shekarun 1950 Joseph Papp ya fara ɗora wasannin Shakespeare a New York yana ɗaukar gwani ko wane launi ne. Wannan hanya ta rufe ido ta buɗe ƙofofi da yawa. A 1967 furodusa David Merrick ya sauya 'yan wasan Hello, Dolly! kaf da baƙaƙe, Pearl Bailey da Cab Calloway a gaba, wasan da kasuwarsa ta fara sanyi ya sake cika maƙil. Ko a lokacin akwai baƙaƙen 'yan wasa da suka ce wannan ma wariya ce da sabuwar riga, tunda ba a haɗa su da Turawa a dandamali ɗaya ba. A 1994 Audra McDonald, baƙar fata, tana 'yar shekara 23, ta fito a Carrie a wasan Carousel, labarin wani ƙauyen masunta a jihar Maine a ƙarni na 19. Ba a sauya kalma ɗaya ba, ba a yi wa kowa bayani ba, ta ci Tony ɗinta ta farko. Irin wannan yana tafiya lafiya inda labarin bai jingina da launi ba. Fatalwar Phantom of the Opera ko mayyar Wicked ba su da ƙabilar da za a ce an saɓa, kuma duk da haka sai 2014 Norm Lewis ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe Phantom a Broadway, shekara 26 bayan buɗe wasan.

Wanda ya fi kowa sukar rufe ido ba Bature ba ne. August Wilson ne, babban marubucin wasan baƙaƙen Amurka. A wani jawabi da ya yi a jami'ar Princeton a 1996, ya ce ɗaukar baƙar fata a saka shi a labarin da aka rubuta kan rayuwar Turawa, a ce ba a ga launinsa ba, tamkar a ce masa tarihinsa ba kome ba ne. Ya ce cikin manyan gidajen wasa 66 da ke ƙungiya ɗaya a ƙasar, ɗaya ne kawai na baƙaƙe, kuma abin da suke buƙata kuɗi ne da gidajen wasa nasu da za su ba da labaransu. Mai sharhi Robert Brustein ya ce wannan komawa rarrabuwa ne, suka yi muƙabala a gaban jama'a a New York a watan Janairun 1997. Ban bi Wilson har ƙarshe ba, domin da an bi shi da ba mu ga Audra McDonald a Carousel ba. Amma ya faɗi gaskiyar da har yau ba a warware ba: sauya fuskokin da ke kan dandamali ya fi sauƙi ƙwarai a kan sauya masu rubutu, masu ba da umarni da masu riƙe da jakar kuɗi.

Ga inda rufe ido ke cutarwa. A 2018 aka sake ɗora Carousel ɗin nan, wannan karo Joshua Henry, baƙar fata mai murya kamar tsawa, ya fito a Billy, babban jarumi. To Billy mutum ne da ke dukan matarsa, ya rasa aiki, ya shiga fashi, ya mutu a wajen. Matar kuwa farar fata ce. Rubutun bai sauya ba, amma abin da ido ke gani ya sauya: baƙin namiji yana marin farar mace, hoton da aka daɗe ana tsorata Amurkawa da shi, aka kashe mutane da dama a kansa. Masu sharhi da yawa sun ce wasan ya ɗora wannan hoto bai ce kome a kansa ba. Rol ɗin Carrie bai ɗauke da wannan kaya, na Billy kuwa yana ɗauke da shi. Wasa ɗaya ne, amma shawarar biyu ce.

Na Oklahoma! ya fi wannan zafi. Wasan na 1943 ne, kuma a cikinsa akwai Jud, ɗan ƙwadago a gona, wanda kowa ke ƙyama, yana son Laurey, jarumar wasan, tana tsoronsa. Akwai wurin da jarumin wasan, Curly, ya je ɗakin Jud ya nuna masa igiya yana kwaɗaita masa ya rataye kansa, cikin waƙa mai ban dariya. A ƙarshe Jud ya mutu a faɗa da Curly, mutanen gari suka yi wata shari'a ta gaggawa a tsakar gida suka wanke Curly don kada a ɓata masa daren angonci. A 2012 wani gidan wasa a Seattle ya ba baƙar fata rol ɗin Jud a tsakiyar garin da mafi yawansa farare ne. Ka ɗora igiya, da baƙin mutum, da farar budurwa, da shari'ar minti biyar a dandamali ɗaya a Amurka, ƙasar da aka rataye dubban baƙaƙe a bishiya ba tare da alƙali ba. Jama'a suka fusata har gidan wasan ya shirya zaman tattaunawa. Ni ban ce haramun ne a yi hakan ba. Darakta na iya cewa da gangan ya yi, yana so 'yan kallo su ga abin da tsohon wasan ya binne. Amma in ya zaɓi haka, dole sauran wasan ya san abin da ya ɗauko. Ba zai yiwu a gama wannan shari'a a koma rawa da murna kamar ba a yi kome ba. Shekara ɗaya kafin nan, a Portland, an ɗora wasan da baƙaƙe zalla, kuma ya zauna daram, domin a tarihi akwai garuruwan baƙaƙe zalla a yankin Oklahoma, irin su Boley, da makiyaya baƙaƙe masu yawa. Wancan darakta ya je ya nemo tarihin da zai ɗauki jikin 'yan wasansa.

Hamilton da ka kawo misali ba rufe ido ba ne ko kaɗan. Lin-Manuel Miranda ya buɗe shi a 2015 da niyyar a ga launin. Waɗanda suka kafa ƙasar an ba baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, Sarki George na Ingila kuwa aka bar wa farar fata. Saƙon shi ne jikokin waɗanda aka bari a waje sun shigo sun karɓi labarin ƙasar a bakinsu da kiɗansu. A 2016 sanarwar neman 'yan wasa ta ce ana son waɗanda ba farare ba, aka yi ƙorafi irin naka, masu wasan suka gyara lafazin suka ce kowa na iya zuwa gwaji, amma ba su sauya tsarin ba. Ina ganin suna da hujja, tunda launin yana cikin ma'anar wasan kamar yadda yake a Porgy. Damuwata da Hamilton daban ce. Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A gonar Washington akwai bayi sama da 300 lokacin da ya mutu. Idan Daveed Diggs ya fito a Jefferson yana tsalle yana burge kowa, ɗan kallo yakan manta cewa mai irin fatar Diggs a gidan Jefferson bawa ne. Bayin ainihi kusan ba su da murya a wasan. Masana tarihi sun yi wannan suka, marubuci Ishmael Reed ma har wasa guda ya rubuta a 2019 don ya mayar da martani. Ina son Hamilton, kuma ina ganin sukar gaskiya ce.

Akwai wasannin da launi ne ƙashin bayansu. Hairspray labarin yaƙi da wariya ne a wani shirin rawa na talabijin a Baltimore a 1962. An daɗe ana barin makarantun da ba su da ɗalibai baƙaƙe su ɗora shi, har 2020 marubutansa suka ce daga yanzu sai an ba kowane rol mai launinsa. Wannan bai buƙatar dogon bayani.

Wanda ya fi ba ni wahala duk lokacin da nake koyar da wannan darasi shi ne Show Boat na 1927, na Jerome Kern da Oscar Hammerstein, labarin 'yan wasan wani jirgin ruwa da ke yawo a kogin Mississippi. Shi ne babban wasan waƙa na farko da ya ɗauki wariya da muhimmanci, kuma duk da haka a ɗorawar farko Queenie mai girki Tess Gardella ce, farar mace da ta shafa baƙi, tana tsaye kusa da Jules Bledsoe, baƙar fata na gaske, wanda ya fito a mijinta. Kalmar farko da 'yan amshi ke buɗe wasan da ita zagin nan ne da ake yi wa baƙaƙe. Duk wanda ya zo farfaɗo da wasan sai ya yi fama da ita: wasu sun sauya ta, wasu sun cire baitin. Da aka yi faifan da ya maido da rubutun asali a 1988, mawaƙa baƙaƙe da aka ɗauka suka ƙi rera ta. Da Harold Prince ya ɗora wasan a Toronto a 1993, baƙaƙen birnin sun yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasan. Paul Robeson kuwa, mawaƙi baƙar fata wanda waƙar kogin Mississippi ta cikin wasan ta zama tasa, ya riƙa sauya baitocinta a wasanninsa na kansa, ya mai da ita daga saduda zuwa tsayin daka.

Sai Julie, tauraruwar jirgin. Ruwa biyu ce da ke rayuwa a matsayin farar fata, tana auren Bature, a zamanin da irin wannan aure laifi ne a kudu. Dokokin ba su faɗi gaba ɗaya ba sai 1967. Da asiri ya tonu, ɗan sanda na tafe, mijinta ya yanke ta a hannu ya tsotsi jinin, don ya iya rantsewa cewa shi ma akwai jinin baƙi a jikinsa, tunda a dokar wurin ɗigo ɗaya ya isa. Wa za ka ba wannan rol? In ka ba mace mai duhun fata sosai, labarin ya rushe, domin ba wanda zai yarda ta ɓoye shekaru. In ka ba farar fata, ka bi sawun abin da aka yi shekara da shekaru: Helen Morgan a 1927, sannan Ava Gardner a fim ɗin 1951, rol ɗin da Lena Horne, mawaƙiya baƙar fata, ta so ƙwarai ba ta samu ba. Sai 1983 Lonette McKee ta zama baƙar fata ta farko da ta fito a Julie a Broadway, ta kuma sake a 1994. A nan darakta ba shi da mafaka. Dole ya zauna yana duban hasken fatar mata yana aunawa, abin da dokar da wasan ke suka ta riƙa yi. Babu ƙa'idar "kowa ya fito a kowa" ko "kowa ya tsaya a launinsa" da za ta fid da shi. Ni dai zan nemi mace mai wannan tarihi a danginta, in kuma tambaye ta yadda take so a yi wurin yankan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina in za su raba rol shi ne su karanta wasan sau biyu. Karatun farko su nemi inda rubutun ya ambaci launi ko ƙabila, ko ya dogara da su. Na biyu su rufe littafin su kalli hoton kawai: wa ke durƙusa wa wa, wa ke ɗauke da tire, wa ake duka, wa ake kashewa, wa ke auren jaruma. Sau da yawa za ka tarar darakta ya yi alfahari ya haɗa launuka, amma bayi da 'yan aiki da mugaye duk sun faɗa gefe ɗaya ba tare da ya lura ba.

A ƙarshen 2024 George C. Wolfe ya ɗora Gypsy a Broadway, Audra McDonald a matsayin Rose, uwar da ke tura 'ya'yanta mata biyu neman suna a gidajen wasa na shekarun 1920. Rol ne da manyan fararen jarumai suka yi ta gādo tun 1959. Wolfe bai sake rubuta labarin ba, amma bai yi kamar bai ga Rose ba. June, 'yar da uwar ta ɗora wa buri, ta fi 'yar'uwarta Louise hasken fata. Yaran da ke rawa a bayansu tun suna ƙanana baƙaƙe ne, da aka girma sai Rose ta maye gurbinsu da farare. Ba wanda ya furta dalili a dandamali, 'yan kallo da kansu suka gane lissafin da uwa baƙar fata ke yi a wancan zamani don 'yarta ta samu shiga manyan gidaje. Tsohon wasa ne da kowa ya haddace, kuma mutane sun fito suna maganar abin da ba su taɓa gani a cikinsa ba.